Daga Ankara Zuwa Jidda: Kilomita Nawa, Awa Nawa?

A kowace shekara, da zarar an yi Ƙaramar Sallah, babu zancen da ya fi yawa a zangunanmu, tun daga Nima da Mamobi da Sabon Zango har zuwa Kumasi da Tamale, irin zancen tafiya ƙasa mai tsarki. Wannan yana bin fasfo, wancan yana layin allurar rigakafi, waccan kuma tana dakan yajin guzuri. Amma akwai tambayar da ba kasafai ake samun mai amsa ta daidai ba, ita ce: mene ne nisan da ke tsakanin Ankara, wadda ake rubutawa Accra a kan tikiti, da birnin Jidda, kuma awa nawa jirgin sama yake yi kafin ya kai?

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wata gardama da aka taɓa yi a gidanmu shekarun baya, lokacin da Allah Ya kira wani kawuna. An kawo masa takardar tafiya, ya sa aka karanta masa. Takarda ta ce jirgi zai tashi daga Ankara ƙarfe 10 na dare, ya sauka Jidda ƙarfe 7:15 na safe. Ranar dawowa kuwa zai tashi ƙarfe 10 na safe, ya sauka gida ƙarfe 1:15 na rana. Kawu ya lissafa da yatsunsa, ya ga zuwa awa tara da kwata, dawowa awa uku da kwata. Nan fa musu ya kaure. Wasu suka ce jirgin dawowa sabo ne, shi ya sa ya fi gudu. Wasu suka ce ai zuwa Makka hawa ne, dawowa gangara. Wata gwaggonmu kuwa cewa ta yi albarkar Hajji ce ke naɗe wa alhaji ƙasa. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira sallah ba a rabu ba.

Gaskiyar magana ita ce, zuwa da dawowa duk awa shida da kwata ne a wannan takarda. Sauran duk aikin agogo ne. To, tun da yake rashin sanin wannan lissafi yakan jawo wa mutane asarar kuɗi, da kuskuren lokacin sallah, da na shan magani, bari mu bi abin daki-daki.

NISAN HANYA

Idan aka samu taswirar duniya irin mai siffar ƙwallo, aka ɗora zare a kan Ankara, aka ja shi sosai har ya taɓa Jidda, tsawon wannan zare zai kama kimanin kilomita 4,600. Ga dattawan da suka saba da lissafin mil, wajen mil 2,860 ke nan. Su kuma matuƙan jirgi suna da nasu ma'aunin da ake kira mil na teku, wanda kowane ɗaya ya fi mil na ƙasa tsawo, kuma da shi nisan ya kama kusan 2,480. Saboda haka idan mai karatu ya ga lambobi uku daban-daban a wurare uku, kada ya ce wani ya yi ƙarya. Mudu ne ya bambanta, hatsin ɗaya ne.

Don a gane girman abin, daga Ankara zuwa Tamale ta sama bai wuce kilomita 450 ba. Ke nan zuwa Jidda tamkar mutum ya jera tafiyar Tamale sau goma ne da 'yan kai. Wani abin da zai ba wasu mamaki kuma shi ne, Jidda ta fi Landan kusa da mu, domin tsakanin Ankara da Landan akwai kimanin kilomita 5,100.

Ina ne wannan zare ya bi? Daga Ankara sai ya ratsa Togo da Binin, ya shiga Nijeriya, ya bi ta kusa da Abuja, ya haye ta kan Maiduguri, ya ɗan taɓa arewacin Kamaru, ya wuce ta gefen Tafkin Cadi. Daga nan sai ya bi ta arewa da garin Abeshe, ya faɗa hamadar arewacin Sudan, ya tsallake Kogin Nilu a wajejen Dongola, sa'an nan ya ƙetare Bahar Maliya ya sauka Jidda. Wannan shiyya da zaren ya nufa tun daga farko, wato gabas mai karkata arewa, kusan ita ce alƙiblar da muke fuskanta a masallatanmu na Ankara, tun da yake Makka ba ta kai kilomita 100 daga tsakiyar Jidda ba.

ME YA SA AWA SHIDA?

Manyan jiragen fasinja na wannan zamani, idan sun kai can sama, wajen ƙafa 35,000 ko fiye, sukan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda. Idan muka raba 4,600 gida 850, za mu samu awa biyar da minti 25. Amma jirgi ba ya fara wannan gudu daga ƙasa. Sai ya ja da baya daga inda aka shiga, ya gangara a hankali zuwa bakin titin tashi, wani lokaci ya jira layi. Bayan ya tashi yakan yi wajen minti 20 zuwa 30 yana hawa, haka kuma yakan fara rage gudu yana saukowa tun saura kusan rabin awa. Su kamfanonin jirage kuwa, lokacin da suke rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga mazauninsa har zuwa sa'ad da ya tsaya cak a wancan gari. Idan aka haɗa duka, tafiya kai tsaye takan kama awa shida zuwa shida da rabi.

Sai kuma iska. Jirgi a cikin iska yake iyo, kamar yadda kwalekwale yake a cikin ruwan Volta, mai bin ruwa ya fi mai sungumarsa sauri. Alal misali, a ce iska mai gudun kilomita 80 a awa tana tura jirgi daga baya, to zai ci wannan hanya cikin abin da bai kai awa biyar ba. In kuwa daga gaba take bugunsa, sai ya kusa cika awa shida, ban da tashi da sauka. Iskar can sama tana sauyawa da lokacin shekara. Da damina akwai mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a sararin Sudan da Cadi, da hunturu kuwa mai ƙarfin tana can arewa, ta wajen Masar, tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Wannan shi ne ainihin bambancin da ake samu tsakanin zuwa da dawowa, kuma na mintoci ne, bai kai ko kusa da awa shida irin na lissafin kawu ba.

INA AWA UKU SUKA SHIGA?

Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, kuma masana sun kasa kewayenta gida 360, kowane gida ana ce masa digiri. Ke nan a kowace awa tana juya digiri 15, kowane digiri minti huɗu. Layin da ake fara ƙirga daga kansa, wanda ake kira layin Greenwich, ya ratsa ta garin Tema ne, nan kusa da mu. Ita kuwa Jidda tana digiri 39 gabas da wannan layi. Idan aka ninka 39 sau huɗu, za a samu minti 156, wato rana tana kaiwa tsaka a Jidda awa biyu da minti 36 kafin ta kai tsaka a Tema. Hukumomin Saudiyya sun tsayar da agogon ƙasarsu duka a kan awa uku gaba da na Greenwich, mu kuwa a Gana agogonmu shi ne na Greenwich ɗin. Daga mu har su babu mai sauya agogo da rani ko da damina, saboda haka tazarar awa uku ce a kullum.

Ƙa'idar da ya kamata kowa ya riƙe ita ce, duk lokacin da aka rubuta a tikiti, lokacin garin da aka ambata ne. Ƙarfe 10 na dare agogon Ankara ne, ƙarfe 7:15 na safe agogon Jidda ne. Sa'ad da kawu ya sauka, agogon hannunsa yana nuna 4:15 na asuba. In za ka gabas, ka cire awa uku daga abin da ka lissafa. In za ka dawo, ka ƙara uku. Tara da kwata a cire uku, uku da kwata a ƙara uku, duk shida da kwata ne.

'Yan uwanmu da ke tashi daga Kano ko Yamai ko Garwa su nasu bambancin awa biyu ne, domin Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suna gaba da mu da awa guda. Hanyarsu ma ta fi gajarta. Daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne.

HANYAR SAMA BA KULLUM TAKE A MIƘE BA

Mutane da yawa suna zaton tun da babu dutse babu kogi a sama, jirgi yana bin inda ya ga dama ne. Ba haka ba ne. Sama tana da hanyoyinta da aka shata, kuma kowace ƙasa ita ke da ikon sararinta, tana iya buɗewa, tana iya rufewa. Mun ga misalin wannan a 2023. Ranar 15 ga Afrilu na wannan shekara yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin ƙasar, ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Dole jiragen Afirka ta Yamma suka yi zagaye, ko dai ta kudu su ɓullo ta Habasha, ko ta arewa su ɓullo ta Masar. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa, har a Nijeriya aka ƙara dala 250 a kan kuɗin jirgin kowane maniyyaci. A watan Agusta na shekarar kuma Nijar ta rufe nata sararin har kusan wata guda bayan juyin mulki. Saboda haka awa shida da muka lissafa na hanyar da take a buɗe ne. Duk shekarar da aka yi zagaye, kada maniyyaci ya yi mamaki in ya ga awa bakwai ko fiye.

Wannan duk maganar jirgin da ya miƙe kai tsaye ne, irin na jigilar alhazai. Mai zuwa Umra ko kasuwanci kuwa galibi sai ya sauya jirgi a wani gari. Wanda ya bi ta Alƙahira zai yi kimanin kilomita 5,500. Wanda ya bi ta Addis Ababa, kimanin 5,700. Wanda ya bi ta Dubai kuwa sai ya wuce Jidda da nisa sa'an nan ya dawo baya, ya yi kusan kilomita 8,000. Ban da wannan ga zaman jira a filin jirgi, wanda kan iya zama awa biyu, kan iya zama kwana. Tikiti mai araha sau da yawa shi ne mai dogon jira. Idan tsoho ko mai rauni za a saya wa, a tambayi awa nawa ne jimillar tafiyar tun daga tashi har isa, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado.

JIYA DA YAU

Kafin mu yi ƙorafin zaman awa shida, ya kamata mu tuna yadda kakanninmu suka ci wannan hanya. Mai tafiya a ƙasa, in yana yin kilomita 25 kowace rana ba hutu ba ciwo, sai ya yi wata shida kafin ya cinye kilomita 4,600. Amma wa ya taɓa yin ta haka? Hanyar ƙasa ba ta miƙe kamar zare ba. Daga Salaga ko Kumasi sai mutum ya bi ayarin fataken goro zuwa Kano, daga nan Barno, sai Fort Lamy wadda aka mayar Njamena a 1973, sai Abeshe, sai Janaina da Fashir a ƙasar Darfur, sai Ubayyid, sai Hartum, har gaɓar teku a Sawakin. Nan ma saura kimanin kilomita 300 na ruwa kafin Jidda. Guzuri yakan ƙare a hanya, sai mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙodago shekara guda ko biyu, ya tara abin da zai ci gaba. Shi ya sa maniyyacin wancan zamani yakan bar wasiyya, ya nemi gafarar kowa kafin ya fita.

Da yawa ba su dawo ba, da yawa kuma ba su ƙarasa ba. Wasu sun zauna a gonakin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi da jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Har yau akwai masu jin Hausa da yawa a Sudan waɗanda asalinsu wannan hanya ce.

Su ma jiragen farko sawun mahajjata suka bi. A 1925 ne jirgin sama ya fara sauka a Kano, sa'ad da jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar ta hanyar Sudan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, daga watan Satumba na 1940, Turawan Ingila suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, sa'an nan a tuƙa su zuwa Masar ta Ikko da Kano da Maiduguri da Janaina da Fashir da Hartum. Tafiyar takan ci kwana shida, kuma sama da jirage 5,000 ne suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943. Abin da ƙafa ke yi a shekaru, waɗannan jirage suka yi a kwana shida, na yanzu kuma suke yi a awa shida.

A 1981 aka buɗe filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, mai babbar rumfar alhazai da aka yi wa rufi kamar tantuna. A 2016 kuma aka fara ɗaukar alhazai daga Tamale kai tsaye zuwa Madina. Nisan Tamale da Madina shi ma kimanin kilomita 4,600 ne, amma mutanen arewa sun huta da tafiyar mota ta sama da kilomita 600 zuwa Ankara, da kwanan jira a can.

ABIN DA MATAFIYI ZAI KIYAYE

Na farko, tsakar dare. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa shirin Umra, tikitinta ya ce ranar Alhamis, ƙarfe 00:40. Ta yi sallama da dangi ranar Alhamis da la'asar, aka raka ta filin jirgi da mota biyu, sai aka ce mata jirginta ya tashi tun daren jiya. Sai da 'ya'yanta suka yi karo-karo aka cika kuɗin wani tikitin. A lissafin tikiti, sabuwar rana tana farawa ne daga ƙarfe 12 na dare. Duk jirgin da aka rubuta zai tashi 00:40 ko 01:30 ko 02:15 ranar Alhamis, to ranar Laraba da dare ake zuwa filin jirgi. Haka nan lambar da ta wuce 12, a cire mata 12: 18:30 shi ne shida da rabi na yamma. In kuma aka ga alamar +1 a gefen lokacin sauka, ana nufin washegari.

Na biyu, sallah. Mai tafiya gabas yana tarar rana ne, saboda haka lokuta suna riskarsa da wuri. Wanda ya tashi ƙarfe 10 na dare, alfijir zai keto masa yana sararin Sudan. In ya ce sai agogonsa na gida ya nuna lokacin da aka saba kiran assalatu a Nima, to zai iske rana ta riga ta fito a Jidda. Wanda ya tashi ƙarfe 10 na safe kuwa zai sauka 7:15 na yamma, azahar da la'asar sun wuce yana sama, magariba ta shiga. Ya kamata tun a wajen bita a tambayi malamai yadda ake sallah a jirgi, da hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, kuma a shiga jirgi da alwala. Mai azumi ya lura, faɗuwar rana a inda jirgi yake ita ce abin dubawa, kuma in yamma ya nufa, yininsa zai ƙara tsawo.

Na uku, miƙati. Wanda zai fara sauka Madina babu gaggawa a kansa, domin a Zul Hulaifa zai ɗauki harami in zai tafi Makka. Amma wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka, ya san cewa jirgi yana cin wajen kilomita 14 a kowane minti guda. Kafin mutum ya miƙe ya buɗe jaka ya nemi wurin sauya tufafi, an yi nisa. Shi ya sa malamai da yawa suke ba da shawarar a ɗaura harami tun a ƙasa, in ya so a yi niyya idan an yi sanarwa. A tabbata kuma haramin yana jakar hannu, kada a sa shi cikin babban akwati.

Na huɗu, lafiya. Ranar tafiya awa 21 ce ga mai zuwa, ranar dawowa kuma awa 27. Mai ciwon sukari da ke yin allura, da mai hawan jini, da duk mai shan magani a kan lokaci, ya je wa likitansa da takardar tafiya, a tsara masa yadda zai yi. Magani ya kasance a jakar hannu. Bugu da ƙari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman awa huɗu ko fiye a wuri guda cikin tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Tafiyarmu ta wuce wannan. A riƙa motsa ƙafa, a tashi a ɗan taka in an ba da dama, a sha ruwa, domin iskar cikin jirgi busasshiya ce. Dattawanmu da ke ƙin shan ruwa don gudun shiga bayan gida, a lallashe su, a nuna musu yadda ake amfani da shi.

Na biyar, mutanen gida. In an ce jirgi zai sauka Jidda ƙarfe 7:15 na safe, a nan 4:15 ne. Kuma sauka daban, fita daban. Akwai duba fasfo, da jiran kaya, da jiran mota, da tafiyar kusan kilomita 100 daga filin jirgi zuwa Makka. In alhaji bai bugo waya da wuri ba, kada a ta da hankali. Haka kuma mai kiran alhaji ƙarfe 9 na dare daga Kumasi ya tuna a can sha biyu ta yi, bawan Allah ya kwanta.

Shi dai kawu ya je ya dawo lafiya. Agogonsa bai taɓa shi ba har ya dawo, ya ce shi ba zai ɓata wa agogo lissafi ba, sai dai ya riƙa ƙara uku a zuci. Wannan ma dabara ce, in dai mutum ba zai manta ba. Matambayi ba ya ɓata, saboda haka duk wanda aka miƙa wa tikiti, kada ya bar wurin sai an karanta masa rana da lokaci, na nan da na can. Allah Ya kai maniyyatanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya kira waɗanda ba su je ba. Amin.